Hawayen Kande Mai Bandar Kifi

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo Kande mai bandar kifi gaban kotunmu ba. Kada ku tambaye ni shekarar da lamba, ni ban yi boko ba, kuma har yau ban ga abin da rashinsa ya rage ni da shi ba. Abin da na sani, wayar hannu ta riga ta shigo Yelwa amma ba ta wuce hannun manyan 'yan albasa ba. Shekarar ce Hajarata ta haifi tagwaye, damina ɗaya kafin ruwan da ya hau ya cinye mana shinkafar fadama. Ranar kuwa Talata ce, da hantsi.

Ku yaran yanzu da kuka same ni ina zuwa gaisuwa da sanda, kuna Inna Kulu, Inna Kulu, wasunku na zaton shara kaɗai na yi a wurin nan. Da shara na fara, gaskiya ne, kuma tun da na aje tsintsiya ban ga wanda ya share zauren nan kamar yadda nake share shi ba. Amma aikin da ya fito da sunana tafinta ne. Innata Bagungiya ce, a tsibiri aka haife ta kafin ruwan dam ya rufe shi. Babana Bayauri ne. Wadda ta yi goyona kuma Bakambariya. Na tashi da harshe uku a baki, Gunganci da Hausa da na Kambari, ba wanda ke taka wani.

Ga yadda tsarin yake, saboda waɗanda ba 'yan kotu ba. Alƙali na zaune a sama. Ƙasa da shi rajistara, shi ke riƙe da takardu, shi ke kiran ƙara, shi ke rantsarwa. Idan maganar ta biyo ta hannun 'yan sanda, akwai ɗan sanda mai gabatar da ƙara, shi ne bakin hukuma. Wanda ake tuhuma ya shiga akwati ya tsaya. In Hausarsa ba ta nuna ba, sai a aika a kira ni, in jingine tsintsiya, in wanke hannu, in gyara mayafi, in tsaya gefensa. Rajistara ya rantsar da ni cewa abin da aka faɗa shi zan juya, ba ƙari ba ragi. Shekara goma sha ɗaya ina wannan rantsuwa ban taɓa karya ta ba, sai ran nan.

Alƙalinmu a lokacin Malam Bello ne, sabon zuwa, mutumin can tudu inda ruwan da ya fi kowane girma shi ne na rijiya. Yaro ne a wurina, ga karatu, ga sanyin hali. Ina ƙaunarsa kamar ɗan cikina, shi ya sa ba na son in ga ana yi masa wayo. Mai gabatar da ƙara kuma Saje Manu, dogo, mai gashin baki, wanda in ya yi tambaya sai ya juya ya dubi jama'a ya ga ko ta burge su.

Maganar ita ce, wani masunci, Mamman Basarke, rumfar da yake aje tarunsa a wata tunga, ƙauyen masunta na bakin ruwa, ta ƙone ƙurmus da rana tsaka, yana can cikin ruwa. Bandar Kande na kusa da rumfar. Banda, ga wanda bai sani ba, gini ne na laka kamar babban murhu, a ɗora raga a sama, a jera kifi, a hura wuta mai hayaƙi a ƙasa har ya bushe. Masunta ke kawo wa matan kifi su yi musu. Mako ɗaya kafin gobarar, Mamman da Kande sun yi cacar baki, don ya ce ta ƙona masa tarwaɗa gefe ɗaya, ta bar ɗaya gefen ɗanye. Sannan wani mai gyaran jirgi ya ba da shaida cewa ya ga Kande gindin rumfar riƙe da garwashi a sakaina, jim kaɗan kafin hayaƙi ya tashi. In tuhumar ta tabbata, gidan yari ne, kuma mutanen tunga ba sa zama da wanda ya taɓa sa wuta da gangan.

Aka shigo da ita, mace gajera, ta ba hamsin baya, duk jikinta ƙamshin kifi. Tun kafin ta buɗe baki ruwa ke zuba daga idanunta. Ta sa bakin zani ta share, ya dawo. Ta sake sharewa, ya dawo. Tana magana da Gunganci, ina juyawa.

"Ta ce ba ta ƙona ba. Ta ce shekara talatin tana zaune da wuta, ba ta taɓa cutar kowa da ita ba. Ta ce faɗan da suka yi da Mamman faɗan maƙwabta ne, ya wuce a wurin."

Ruwan nan kuwa har kan haɓa. Na ga Alƙali ya aje alƙalami.

"A ba ta kujera. A kawo mata ruwa ta sha. Inna Kulu, ki ce mata ta kwantar da hankalinta, ba wanda za a zalunta a nan."

Saje Manu ya miƙe, ya murza gashin baki.

"Garwashin da aka gan ki da shi, daga ina zuwa ina?"

"Ta ce ɗebowa ta yi."

"Daga ina?"

Shiru.

"To, ke mai banda ce, wuta ba ta yanke miki. Mi zai fitar da mai banda ɗibar wuta a sakaina kamar amarya?"

Shiru, sai ruwa. Alƙali kuma sai kallonta yake yi, tausayi ya cika masa fuska, har na ga kamar shi ma zai taya ta.

To ni bayan banda na girma. Innata har ta koma ga Allah idonta bai bushe ba, ko tana dariya zuba yake yi. Hayaƙi ne ke cinye idon masu wannan sana'a. Kuma na san kuka. Kuka na zuwa da hanci, da rawar murya, da kafaɗa. Muryar Kande kuwa tsaye take kamar turken jaki. Zuciyata ta ce, Kulu, kina tsaye za a yi wa yaron nan wasa da hankali? Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Allah gafarta Malam, wannan fa ba kuka ba ne. Hayaƙin banda ne. Ko ranar sallah ka je gidanta haka za ka same ta."

Kotu ta tuntsure da dariya. Har rajistara sai da ya sunkuyar da kai. Saje Manu ya ɗaga mini hannu.

"Allah shi biya ki, Inna. Ashe hukuma na da ƙarin ma'aikaci ban sani ba!"

Kande na jin Hausa daidai gwargwado, ta gane abin da na yi mata. Ta juyo inda nake, ta rufe baki, ba ta ƙara cewa uffan ba. Alƙali bai yi dariya ba. Ya ɗage zama zuwa Alhamis ta mako mai zuwa, ya ce mai unguwarsu ya ci gaba da tsaya mata, kuma in ranar ba ta amsa tambayar Saje ba, zai yi hukunci da abin da ke gabansa.

Ni kuwa na fito ina jin kaina. Ai kun san ba a shiga gaban alƙali da takalmi, a bakin ƙofa ake tuɓewa. Na duba, babu nawa. Sababbi ne, jajaye, masu ɗan tudu, surukina ya kawo mini daga Kwantagora. A wurinsu sai wasu baƙaƙen silifas, ɗaya ma an ɗaure shi da zaren taru. Na ɗaga kai, ga jajayen takalmana can suna tafiya hanyar tasha a ƙafar Kande, tana tafe tana shafa bango da hannu. Na bi ta ba takalmi, ƙasa na ƙuna.

"Ke baiwar Allah! Rumfa ba ta ishe ki ba sai kin haɗa da takalmin ma'aikaciyar gwamnati?"

Ta tsaya. Maimakon ta dubi ƙafarta, sai ta duƙa ta shafa takalmin da yatsu.  Wa ke shafa ja don ya bambanta shi da baƙi? Na kama haɓarta na ɗaga ta wajen rana. Yana ce fara-fara ta rufe idanun duka biyu. Na ɗaga yatsu uku.

"Nawa ne nan?"

"Sake ni, 'yar Bagungiya. Ba kin riga kin gama da ni a ciki ba?"

"Tun yaushe?"

Ta ce, "Damina biyu."

Muka zauna gindin wata darbejiya, ta faɗa mini. Ranar gobarar wutar bandarta ce ta mutu da kifi a kai, ba ta gani ba sai da ta ji laka ta huce. Sai hancinta ya jiyo warin darma, irin wadda masunta ke narkarwa su yi wa taru nauyi. Ta bi warin har gindin rumfar Mamman, ta tarar da wuta ba kowa, ta ɗebi garwashi ta dawo.

"To mi ya hana ki faɗi haka?"

"In na ce wutata ta mutu, za a ce don mi. Mai banda ta shekara talatin wutarta ba ta mutuwa da kifi a kai. In masunta suka ji ba na gani, wa zai ba makauniya kifinsa? Gidan yari ana fitowa. Banda in ta fita hannunka ta fita ke nan." Ta ƙara da cewa, "Kuma ko garwashi ya faɗi a hanya, ni ban gani ba. Da gangan dai ban sa ba, Allah shi ne shaida. Ki rufa mini asiri."

Ban yi mata alkawari ba. Na karɓi takalmana, na kai ta tasha. Washegari da safe na roƙi rajistara ya raka ni ofishin Alƙali, don ma'aikaci ba ya shiga wa alƙali da maganar shari'a shi kaɗai. Na durƙusa na zayyana komai.

Malam Bello ya dube ni.

"Jiya kin ce hayaƙi. Yau kin ce makanta. Gobe kuma mi za ki kawo mini, Inna Kulu?"

"Allah gafarta Malam, hayaƙin ai gaskiya na faɗa."

"Gaskiya ce. Wa ya tambaye ki? Kin ce ruwan idonta ba kuka ba ne, jama'a suka ji kamar kin ce maganarta ƙarya ce. Ni ma da na ga ruwan na ji kamar na ga gaskiya. Ni da ke duk ido muka tsaya kallo, ba wanda ya tambayi wuta." Ya ce abin da na ji a gindin darbejiya ba shaida ba ne, ba zai rubuta shi ba, sai in ta faɗa da bakinta a gaban mai ƙara. Amma kotu na da ikon tashi ta je ta ga wurin da abu ya faru, muddin an sanar da kowane ɓangare kuma kowa ya halarta. Ya sa aka rubuta ranar Litinin.

Tungar nan ba ta da hanyar mota, sai jirgi. Allah ya nuna muku Malam Bello a tsakiyar kwalekwale, ya tattare babbar riga, hannu ɗaya nan gefe ɗaya can gefe, leɓe na motsi. Da muka yi nisa ya ce da mai jirgi, "Malam, nan zurfinsa ya kai yaya?"

"Allah gafarta Malam, waɗanda suka je aunawa ba su dawo sun gaya muna ba."

Bai sake tambaya ba. Saje Manu ya so ya yi dariya, sai igiyar ruwa ta watsa masa a gashin baki.

Muka sauka, tunga duk ta fito, maza gefe, mata gefe. Mamman ya nuna inda rumfa take, toka ce kawai da guntayen itace. Alƙali ya sa aka tona tokar da sanda a gaban kowa. Can gefen da ƙofa take sai ga duwatsu uku a jere kamar murhu, da gwangwani baƙi ƙirin, darma ta daskare a cikinsa.

"Mamman, mene ne wannan?"

"Allah gafarta Malam, darmar jikin taru ce wuta ta narkar."

Harshena ya yi ƙaiƙayi, na cije shi. Ashe yaron ba ya buƙatata, da kansa Alƙali ya amsa masa.

"Ta narke, ta tashi ta shiga gwangwani, gwangwanin ya hau duwatsu uku ya zauna? In ka tsaya a kan haka, ga rajistara, sai ka yi alwala ka rantse."

Mamman ba mugu ba ne, mutum ne da tarunsa ya ƙone yana neman inda zai aje baƙin ciki. Ya sosa ƙeya.

"A'a, ba sai an kai ga rantsuwa ba. Da safe na narka darma. Amma wallahi na zuba yashi kafin in tafi."

"Ka tsaya ka ga ta mutu?"

"Abokan tafiya na ta kira, Allah gafarta Malam."

Alƙali ya juyo ga Kande. "A tambaye ta, garwashin nan a ina ta ɗebe shi, kuma mi ya fitar da ita ɗiba."

Na juya mata. Ta sunkuyar da kai, ruwa na ɗiga kan yashi, ta ƙi magana. Na sake maimaitawa. Saje Manu ya fara gyara tsayuwa.

Sai wata murya ta tashi daga cikin mata da Gunganci. Tani ce, babbar masu banda ta tungar, mace mai jiki, muryarta har tsallaken ruwa. Alƙali ya ce ta matso, rajistara ya rubuta sunanta, ni kuma in juya. Wannan karon ban ƙara ko wasali ba.

"Kande, faɗa musu mana, mu mun gaji! Wutarki ta mutu don ranar duk muna kasuwar Warra, ba wadda ta tsaya ta duba miki."

Kande ta ɗago. "Duba mini mi?"

"Ji ta! Damina biyu wa kike zaton yana juya miki kifi? Aljanu? In kin zagaya bayan gida ni ke juyawa. In kin tafi ɗibar ruwa Ladi ke tura miki itace. Tarwaɗar Mamman da ta ƙone gefe ɗaya, ranar zazzaɓi ne ya kwantar da ni."

"Kun sani?"

"Tun ranar da kika gai da kututturen giginya kika tambaye shi gajiya!"

Alƙali ya tambayi Tani abin da ya hana su zuwa kotu su faɗi haka. Ta ce ba wanda ya kira su, kuma sun ga matar ta zaɓi ɗauri a kan a san ba ta gani, to su wa za su tona mata? Sun yi ta jira ko za ta faɗa da kanta, yau suka ga da gaske take.

Kande ta miƙe tsaye.

"Munafukai! Kuka bar ni ina yabon hannuna? Ina cewa ku zo ku ga yadda ake banda, ashe kifinku nake nuna muku?"

Na juya wannan ma, har da munafukan. Daga nan ta zauna daɓas a kan yashi, ta faɗi komai da bakinta, yadda ta bi warin darma, yadda ta ɗebi garwashi, har da cewa ba za ta iya rantsuwa ko wani ya faɗi a hanya ba. Tana gamawa ta ɗora hannu a ka ta fashe, da murya, da hanci, da kafaɗa, Tani na bubbuga mata baya tana ce mata ta yi wa mutane shiru.

Malam Bello ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Wannan fa, Inna Kulu? Baƙin ciki ne ko daɗi?"

"Ban sani ba, Allah gafarta Malam."

Tun da na fara aiki ban taɓa faɗar kalmar nan ba. Ta yi mini ɗaci a baki, amma ban mutu ba.

Ranar Alhamis aka zauna a kotu, aka karanta abin da aka gani da abin da aka ji. Alƙali ya ce ba wanda ya ga Kande ta sa wuta, mai rumfa da bakinsa ya ce ya bar wuta gindin rumfarsa a bakin ruwa inda iska ba ta hutawa, saboda haka tuhuma ba ta tabbata ba. Ya sallame ta. Ni kuma ya dakatar da ni daga tafinta wata guda saboda karya rantsuwa, aka riƙa ɗauko wani tsoho daga kasuwa wanda ke juya magana ɗaya da magana biyar. Zauren nan bai taɓa ganin tsabta irin ta wannan wata ba.

Mamman bai daina ba Kande kifi ba. Ya so ya daina, Tani ta ce masa in ya ɗauke daga bandar Kande to ya nemi inda zai kai, don duk bandar tungar ɗaya ce. Daga baya aka yi wa Kande aikin ido ɗaya ta samu gani, kuma an ce abin da ta fara yi shi ne bin bandar kowa tana kushewa.

Abin da nake so ku riƙe, ku da ke zaune a kujerun nan yanzu, za ku ga kuka iri-iri a cikin akwatin can. Wani na ƙarya ne, wani na tsoro, wani ciwo ne kawai. Mai gaskiya na iya tsayawa ido a bushe, maƙaryaci na iya jiƙa riga. Kada ruwan ido ya sa ku saki mutum, kada kuma ku ɗaure shi don kun gano ruwan ba na kuka ba ne. In mutum ya yi shiru a inda magana za ta cece shi, to akwai abin da ya fi tsoro fiye da ku. Ku tashi ku je ku nemo shi, ko da sai kun shiga jirgi.

Cikin waɗanda suka ga wannan rana, rajistaranmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mamman ya rasu. Kande ta bi su shekarar da aka yi mini aikin gwiwa. Saje Manu na Kwantagora, gashin bakin ya yi fari fat. Malam Bello ya yi ritaya ya koma tudunsu, duk sallah sai ya aiko mini da gaisuwa. Sai ni. Sai Tani, tana nan a tunga, tana bisa bandarta. Yanzu nata idanun ne suka tafi, damina uku ke nan, kuma a zatonta ba wanda ya sani. In aiki ya kai ku can kuka ga kifinta ya yi kyau, ku yaba mata hannu, ku wuce.